Ƙasar bayan ɗakina ta ƙi kayan miya, in haƙura ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Marwa nake, bara muka tare a sabon gida. Na yi komaye uku a bayan ɗaki don in rage cefanen kayan miya. Ƙasar in ta bushe sai da diga, in na zuba ruwa kuma sai ya kwanta a sama har yamma, ga wani farin abu da ke fitowa a bakin komin. Na sa an kawo yashi baro biyu na gauraya, ina zuba tokar murhu, na kuma sayi takin zamani. Duk da haka tumatir ya yi rawaya ya zubar da fure, kuɓewa ko gwiwa ba ta kai ba. Ruwan rijiya nake ba su, wani lokaci har da na wanki. In haƙura ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya sanya albarka a sabon gida. Ba ki kai ga haƙura ba tukuna, amma sauran takin zamanin nan ki ɗaure bakinsa da kyau ki ajiye a ɗaki, lokacinsa bai zo ba. Daga abin da kika bayyana, ƙasarki toshewa ta yi. Ruwa ba ya ratsa ta, iska ba ta shiga, saiwa ba ta samun hanyar da za ta bi ta nemi abinci. Shukar da saiwarta ta maƙale a ɗan saman ƙasa, da safe cikin taɓo, da la'asar cikin ƙanƙararriyar laka, ko buhu guda na taki kika juye mata ba za ta iya ci ba. Kuma kada ranki ya ɓaci in na ce yashin da tokar da ruwan wankin, su ukun duka ƙara wa ƙasar ciwo suka yi. Kusan kowa da su yake farawa, domin a wata irin ƙasar biyu daga ciki suna da amfani.

Mu fara da sanin a kan me gidan yake zaune. A filin Diyamare akwai ƙasa mai laushi ta bakin mayo, wato kogi, wadda ruwa ya kwaso daga duwatsun Mandara ya shimfiɗe. Da ita masu albasar Meskin da sauran garuruwan bakin Mayo Tsanaga suke cin abinci. Akwai baƙar laka mai tsagewa da rani, karal, inda ake dasa masakwa, dawar rani, bayan ɗaukewar ruwa. Sai kuma fako, wanda mutanen nan ke kira harde, na Cadi su ce naga: fili ne fari-fari, samansa sumul, ruwan sama ya faɗi ya gangare abinsa, ciyawa ma sai jefi-jefi. In gari yana faɗaɗa, irin wannan fili ake fara yankawa a sayar, domin manomi ba ya fara rabuwa da gonarsa mai kyau. Ko da ma filin naki na da ɗan kirki tun asali, magina sun riga ki wucewa ta kansa. Ƙasar sama mai rai ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ita ake kwashewa a buga tubali ko a cike ɗakuna, a fito da ta ramin fandisho da ta masai a baje a tsakar gida, a kwaɓa siminti a kai wata da watanni. In kin haƙa kika ci karo da dunƙulen siminti da ɓaraguzan bulo, kin ga shaida.

Kafin ki sake kashe ko dala ɗaya, ki yi gwajin nan da kanki. Ki sami ruwan da babu gishiri a cikinsa: ruwan saman da aka tara, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki. Ki zuba a kofin gilashi. Ki ɓantaro busasshiyar ƙasa gwargwadon ƙwayar gyaɗa daga zurfin taƙi guda, ki sa ta a hankali a gindin kofin, ki ajiye inda yara ba za su girgiza ba. Ƙasa mai lafiya ko dai ta tsaya a dunƙule, ko ta ruguje ta zube, amma ruwan na nan garau. Wadda kanwa ta kama kuwa, kafin ki gama wanke-wanke za ki ga wani farin hazo ya taso ya kewaye ɗan dunƙulen, bayan awa biyu gindin kofin ya gurɓace, kuma ya daɗe bai kwanta ba. Abin da ke jawo haka shi ne sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishiri da kanwa. Shi ke hana ƙwayoyin yumɓu riƙe juna. Da ruwa ya taɓa su sai su watse, su bi ƙananan ƙofofin da ruwa da iska ke bi su liƙe su, in rana ta buga kuma saman ya daskare. Abin da kika gani a kofin shi ke faruwa a kominki duk ranar da kika yi ban ruwa.

Sai ki haƙa rami zurfin kamu ɗaya a tsakiyar komi, ki cika shi da ruwa, in ya shanye ki sake cikawa. In kika wayi gari ruwa na biyun yana nan, akwai toshewa a ƙasa, ba a sama kaɗai ba. Ruwan rijiyar ma ki bincike shi. Ki ɗanɗana, ki duba ko randa tana yin farin zobe mai kauri. Wasu rijiyoyin yankin nan, har zuwa Kusiri da Injamena, ruwansu na da ɗanɗanon kanwa, mai ban ruwa da shi kuwa kullum ƙara wa ƙasarsa gishiri yake yi, ruwan ya tashi da zafin rana, gishirin ya zauna. Farin abin da kike gani a bakin komi ke nan. Cibiyar binciken noma ta IRAD tana da reshe a Marwa. In kin samu dama ki nemi malaman gona su auna miki tsamin ƙasar da gishirin ruwan, za ki huta da kirdado.

Yanzu maganar yashi. Mai buga tubalin laka in yana son ya yi ƙarfi, yashi yake ƙara wa yumɓu, ya kwaɓa, ya shanya a rana. Abin da aka yi a kominki ke nan, har da kwaɓin da shanyar. Yashi ba ya sassauta yumɓu sai ya kai kusan rabin ƙasar gaba ɗaya, wannan kuwa maganar tifa ce, ba baro biyu ba, kuma ba zan ba ki shawarar kashe wannan kuɗin ba. Wanda kika riga kika zuba ki bar shi, taki zai gyara zamansa.

Toka kuwa, ke da kanki kin san ruwan toka da ake tacewa a sa a miya in babu kanwa. To ƙasar da kanwa ta riga ta yi wa yawa ce ake ƙara wa wannan. Ma'aunin tsamin ƙasa, wanda ake rubutawa pH, kayan lambu sun fi jin daɗinsa tsakanin 6 da 7. Fako mai kanwa yakan haura 8. In ya kai nan, sinadarin ƙarfe da fosfaras suna cikin ƙasar amma a kulle, shuka ba ta iya ɗauka. Alamarsa, sababbin ganyen sama su yi rawaya, jijiyoyinsu na nan kore. In kuwa tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya gaba ɗaya, wannan ƙarancin naitorojin ne, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, ko saiwa ce ta shaƙe da ruwa. Ki tuna wanne kika gani a tumatirinki. Da a jar ƙasar Ngaundere mai tsami kike, da ni zan ce ki riƙa watsa toka kaɗan-kaɗan. A nan ki daina. Ruwan wanki shi ma haka, domin omo cike yake da sodiyam. Ruwan da aka wanke shinkafa ko kayan miya, da ruwan alwala, waɗannan ki tara su, babu laifi.

To me za a yi? Sa'arki ɗaya, tambayar ta zo cikin bazara, damina na tafe. Marwa na samun ruwan sama kimanin milimita 800 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Ma'anarsa, kowane murabba'in mita na bayan ɗakinki zai sami kusan lita 800 na ruwan da babu gishiri a cikinsa, kyauta. Shi ne zai wanke ƙasar, in an buɗe masa hanyar shiga. Manoman da ke mayar da harde gona da wannan suke aiki: su yi masa ƙananan ganuwa gida-gida, ruwa ya tsaya ya sha maimakon ya gudu, bayan wasu shekaru su dasa masakwa. Ke da yake wurinki ƙarami ne, za ki riga su isa.

Ki rage buri, ki ɗauki komi biyu, ko ma ɗaya, ki zuba masa duk takin da za ki raba wa uku. Faɗinsa kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannunki zai kai tsakiya daga kowane gefe, tsawon kuwa yadda wuri ya ba ki. Daga ranar da aka gyara shi, ƙafar mutum ta daina taka cikinsa. Ki jira ruwan farko ko na biyu ya sauka, ƙasa ta yi danshi amma ba ta manne wa fartanya. Yumɓu in aka haƙa shi a jiƙe sharkaf, dunƙulen da zai yi sai ya shekara bai farfashe ba. A kwashe taƙi ɗaya na sama a tara gefe, a sa diga a farfasa na ƙasan wani taƙin ko fiye, amma a bar shi a inda yake, kada a juyo shi sama. A tsince siminti da leda da duk abin da magina suka binne.

In gwajin kofin ya nuna hazo, akwai magani ɗaya na kasuwa da ya cancanci kuɗinsa: jifsam. Shi ne ainihin farin garin filastan da masu silin na ado ke kwaɓawa. Ɓaraguzan da suke zubarwa bayan aiki, waɗanda ba a shafa wa fenti ba, in aka daka su lukui sun wadatar. Kalsiyam ɗin da ke cikinsa yana ture sodiyam daga jikin yumɓu, ruwan sama ya tafi da shi ƙasa. Kimanin rabin kilo a kowane murabba'in mita, a gauraya da ƙasar sama. Ki kula sosai kada a kawo miki farar ƙasar shafe ɗaki irin ta Figil, ko siminti, a ce ai duk fari ne. Waɗannan ƙara kanwar za su yi. In kuma kofin bai yi hazo ba, ki bar jifsam, ba ki buƙatarsa.

Babban aikin dai na taki ne, takin gargajiya ruɓaɓɓe, kuma a nan zan ɗan daɗe. Galibin ƙasarmu ta wannan yanki, ruɓaɓɓen abin da ke cikinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi ne ke sa yumɓu ya dunƙule ƙanana-ƙanana ya bar ƙofofi, shi ne kuma ke sa rairayi ya riƙe ruwa. Shi ya sa mai baƙar laka a Marwa da mai jigawa a Garwa maganinsu ɗaya, ko da ciwonsu ya bambanta. A shekarar farko ki zuba bokiti biyu masu cin lita 10 a kowane murabba'in mita, ki cuɗa da ƙasar da aka tara gefe, a mayar. Bayan nan bokiti ɗaya duk lokacin da za ki sake shuka. Wannan maimaicin shi ne abin da mutane ba sa son ji. Zafin ƙasarmu da danshin ban ruwa suna cinye taki da sauri, wanda kika zuba bana, baɗi saura kaɗan. Babu ranar da za a ce an gama.

Wane taki? A cikin gari, kashin awaki da na tumaki ne ya fi sauƙin samu, kuma na fi son sa. Gidajen da ke turke raguna, in Layya ta wuce, sukan rasa yadda za su yi da abin da ya taru a turke. Kashi ne da fitsari da ragowar harawa suka cuɗe, babu kamarsa. Kashin shanu ma na da kyau, sai dai garin nan da ake sharowa daga fili bayan rana ta gasa shi watanni, rabinsa rairayi ne, ƙarfinsa kuma ya tafi. Ki damƙa ki gani kafin ki biya. Kashin kaji zafi gare shi, rubu'in abin da za ki zuba na awaki ya isa, kuma sai ya ruɓe. Takin bola da ake tallarsa a amalanke ina tsoronsa a lambun gida, saboda tsofaffin batura da ke fashewa a ciki, da kwalba da allurai. Abin da ke fita daga batir yana shiga ganye, ganyen kuma tukunyarki zai shiga.

Ruɓaɓɓen taki ba ya ɓuya. Baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, yana marmashewa a hannu, sanyi gare shi, ƙanshinsa na ƙasar da ruwan fari ya taɓa, kuma ba za ki iya cewa wannan na akuya ne wannan na saniya ba. Ɗanye kuwa yana ƙona saiwa, yana zuwa da irin ciyawa da gwazarma, ga cututtukan ciki ga mai cin latas da tumatir ɗanye. In ɗanye kaɗai kika samu, yanzu ne lokacin binne shi, tunda kayan da ake ci ɗanye ba za su shiga komin ba sai bayan wata huɗu ko fiye.

Don kada ki dawwama kina saye, ki haƙa ramin takinki a inuwa, faɗi mita ɗaya, zurfi zuwa gwiwa. A ƙasa ki shimfiɗa karan dawa da aka sassara, sai busasshen ganye da ciyawa, sai kashin dabbobi, ki yayyafa ruwa, ki sake jerawa haka har ya cika ya yi tozo. Busassun kaya kashi biyu ko uku, kashin dabba da ɗanyen ganye kashi ɗaya. Ɓawon kayan miya, kwasfar gyaɗa, ɓawon ƙwai, duk su shiga. Abin da ake zubarwa daga tumbin shanu a mayanka ma yana tayar da rami da sauri. Abin da ke ba ni takaici a Marwa shi ne ganyen dogon yaro. Gari cike da itacen, kowace safiya a share a tara a cinna masa wuta, hayaƙi ya cika unguwa, mai gidan kuma ya je ya sayi taki. Ki ce wa yaran maƙwabta su kawo miki nasu. Jiƙon da ake so, in kin matse a tafin hannu ki ji danshi, ruwa ya ɗan tsatso tsakanin yatsu amma bai zuba ba. Ki rufe da tsohuwar tabarma, ki soka sanda har ƙasa ki bar ta. Bayan kwana uku ko huɗu ki zaro ta ki taɓa: in da zafi da danshi, aiki na tafiya, cikin ramin kan kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. In sanyi ƙalau kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan. In wari ne ke tashi, ruwa ya yi yawa, ki ƙara busasshen ganye. A juya duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku ya nuna. In damina ta yi nisa ramin ya fara tara ruwa, ki fito da shi ki tsiba a sama.

Buntun shinkafa, wanda ake samu da yawa daga Yagwa da Maga da injinan casa na cikin gari, yana sassauta yumɓu fiye da yashi nesa ba kusa ba. Amma shi da garin katako, in aka binne su ɗanye, ƙwayoyin da ke ruɓar da su sai su kwashe naitorojin ɗin ƙasa, shuka ta yi rawaya. Ko dai su bi ta ramin taki, ko a babbaka buntun ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba. Garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu ma haka: ki jiƙa shi cikin taki mako biyu sannan ki zuba. Shi ba ya ruɓewa da wuri, yana daɗewa yana riƙe ruwa.

Da an mayar da ƙasa, ki yi wa komin ɗan baki kewaye yadda ruwan sama zai tsaya ya nutse a ciki. In ya kwana ya yini bai nutse ba, ki fasa gefe ɗaya ya fita, domin gishirin da ya narke yana buƙatar wurin zuwa. Ki bar ruwa uku ko huɗu masu ƙarfi su wuce a haka. Cikin Yuli sai ki ɗaga komin ya ɗara hanya da taƙi guda, ki shuka wake mai yaɗo, ya rufe wurin ruf. Za ki ci ganye, ki ci wake, amma in kin zo cirewa ki yanke daga sama ki bar saiwar a ƙasa. Ki tuge guda ɗaya ki duba: za ki ga ƙananan ƙulli a jikin saiwar, masu ɓallewa in an murza, cikinsu ja-ja in an fasa. A nan ƙwayoyin da ke kamo naitorojin daga iska suke zaune. Harawar ki ba awaki, ta dawo miki ta ɗaya hanyar.

Kada ki bar ƙasar nan tsirara ko da yaushe. Ɗigon ruwa mai ƙarfi da rana su ne ke mayar da saman ya daskare. Ki rufe da busasshiyar ciyawa ko ganye kaurin yatsu uku ko huɗu. Na san abin da za ki ce: gara. E, za ta zo, kuma a kan fako ma'aikaciya ce da ba a biya. Tana cin busasshen abu, tana huda ƙasa, ruwa ya bi ramukanta. Da wannan dabarar manoman Tawa a Nijar suka farfaɗo da fako da ramukan tassa, haka Yakuba Sawadogo na Burkina Faso, wanda aka ba babbar lambar yabo a Suwidin a 2018 saboda ramukan zai: a haƙa rami, a zuba taki, gara ta zo ta buɗe ƙasa. Abin kiyayewa, ciyawar kada ta taɓa karan shuka, ki bar tazarar yatsu uku, kuma shuka kada ta sha ƙishi, domin wadda ta galabaita gara ke fara kamawa. In komin na jingine da bangon laka ko rumfar itace, ki matsar da shi.

Tumatirinki, wani ɓangare na laifin ba na ƙasa ba ne. In zafin rana ya haura digiri 35, furen tumatir zubewa yake yi ko a wace irin ƙasa, Marwa kuwa a Maris da Afrilu tana wuce 40. Lokacinsa sanyi ne: a yi rainon iri cikin Oktoba, a dasa a Nuwamba, a ci har Fabrairu. Haka latas da kabeji. Sa'ad nan sai ki sauke komin ya zama mai ɗan zurfi, irin na masu lambun rani, don ya riƙe ruwa kuma iskar hunturu kada ta busar da shi. Ki lissafa lita 6 zuwa 8 a kowane murabba'in mita a yini, ki ba shi ya ƙoshi da safe ko da yamma. Yayyafi kaɗan-kaɗan sau da yawa shi ke jawo gishiri sama. In ruwan rijiyar ya tabbata mai kanwa ne, sau ɗaya a mako biyu ki ninka ban ruwan don ya tura gishirin ƙasa da saiwa, in da hali kuma ki riƙa surkawa da na famfo. A shekarar farko ki fi ƙarfi a kan masu haƙuri: alayyafo, yakuwa, lalo, kuɓewa, da tumatir kaɗan na gwaji. Karas da albasa ki bar su sai baɗi; su biyun ba sa jure gishiri, karas kuma a ƙasa mai tauri karkacewa yake yi ya rabu biyu.

A Nuwamban ne za ki kwance bakin takin zamaninki. In mai lamba 20-10-10 ne, cikin kwalin ashana biyu, giram 30 zuwa 40, ya ishi murabba'in mita guda. Takin yuriya mai lamba 46 kuwa giram 10 kawai, mako uku bayan dashe, a ɗan tona nesa da kara a binne a bi da ruwa. In aka watsa ta a saman ƙasa mai kanwa, da yawanta iska ke tafiya da shi. Takin zamani shi ma nau'in gishiri ne, wanda kika zuba a baya cikin ƙasar da ruwa ba ya ratsawa ya taimaka wajen ƙona saiwar.

Sauran kuɓewar da ta ƙi girma, kafin ki zubar ki tuge ta da ƙasarta ki wanke saiwar. In ta lanƙwashe ta bi gefe a zurfin yatsa, taurin ƙasa ne. In ta yi baƙi ta ruɓe, ruwa ne ya shaƙe ta. In kuma ta kumbura ta yi ƙulu-ƙulu da ba sa ɓallewa, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, sun fi yawa a ƙasa mai rairayi, suna kuma biyo dashen da aka sayo da ƙasarsa. In su ne, ki ƙone saiwoyin, kada su shiga ramin taki, kuma kada kuɓewa ko tumatir ko gauta su koma wannan komin a jere. Ki sa masara ko dawa tsakani. Bazara mai zuwa ki jiƙa komin sosai, ki rufe shi da farar leda mai nuna ciki, ki binne gefunanta, mako huɗu zuwa shida. Zafin da zai taru a ƙarƙashi yana rage su ƙwarai.

Tunda komayen za su shafe damina suna jinya, miya kuma ba ta jira, ki nemi tsofaffin buhunan shinkafa biyar ko shida. Ki cika su da ƙasa mai kyau kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, babbakakken buntu kashi ɗaya, ki huda gindinsu, ki ɗora a kan bulo. Kuɓewa biyu a buhu, ko barkono ɗaya, ko ki watsa alayyafo. Ki jera su manne da juna inda rana ta yamma ba ta dukan jikinsu, don buhu na saurin ɗaukar zafi. Ƙasar kuwa ki karɓo daga wurin mai lambun da kika ga shukarsa da idonki, ki kuma tuge masa kuɓewa ɗaya ki duba saiwa kafin a loda.

In Allah ya kai mu Oktoba, ki sake gwajin kofin da na ramin a komin da aka gyara. In hazon ya ragu, ruwa kuma ya shanye cikin 'yan awoyi, ki zuba bokitin takinki ki dasa a Nuwamba. In har yanzu ruwa na kwana a ramin bayan jifsam da taki da damina guda, to akwai kanta mai kauri a ƙasa da digar gida ba za ta fasa ba. Sai ki jera bulo biyu-biyu a kan wurin, ki cika da irin haɗin buhunan nan zurfin kamu ɗaya, ki bar 'yan ƙofofi a layin ƙasa don ruwa ya fita, ki yi lambunki a sama.